A Yi Hattara Da Masu Karɓar Galla A Kan Fasaha

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata sana'a da ta daɗe tana ci a ƙasar Amurka, wadda kuma a ganina ƙurarta ta fara isowa gare mu, ko da yake galibinmu ba mu taɓa jin labarinta ba. Sana'ar kuwa ita ce sayen takardun mallakar ƙirƙira domin a tatsi kuɗi da su a kotu. Na san wani zai ce, to ina ruwan mai tireda ko manomi da rigimar Turawa? Ruwansa ya biyo ta wayar da ke cikin aljihunsa, kuma in masu karatu sun yi haƙuri da ni zan nuna yadda abin yake.

Da farko dai, mece ce takardar mallakar ƙirƙira? Idan mutum ya ƙago wani sabon abu, ko wata sabuwar dabara, misali injin casar shinkafa da ba a taɓa yin irinsa ba, sai ya je ofishin gwamnati ya bayyana sirrin aikinsa dalla-dalla, ita kuma gwamnati ta ba shi takarda. Takardar nan tana hana kowa ƙera abin, ko sayar da shi, ko aiki da shi, sai da izinin mai ita, har tsawon shekara 20. Bayan nan sai abin ya zama na kowa da kowa. Hikimar ita ce mai basira ya ci guminsa, jama'a kuma su gaji ilminsa. Babu mai hankalin da zai ƙi wannan. Sai dai fa ita takardar dukiya ce kamar takardar fili, ana sayar da ita, ana jinginar da ita, ana kuma gadonta. To a nan ne gizo ke saƙa.

Akwai kamfanoni a Amurka da ba su da masana'anta, ko allura ba su ƙerawa. Jarinsu kawai takardu ne da lauyoyi. Aikinsu su bi kamfanonin da suka karye, ko masu ƙirƙirar da talauci ya ci ƙarfinsu, su saye takardunsu da araha su ajiye. Kwatankwacinsu shi ne mutumin da ke bin ƙauyuka yana sayen tsofaffin takardun gonaki waɗanda iyakokinsu ba su fito sarai ba. Ba ya noma, ba ya shuka. Sai ya bari ka yi sharar gona, ka zuba taki, ka yi noman fari da maimai, gero ya nuna, sannan ya ɓullo ya ce ai kusurwar gonarka ta shiga cikin takardarsa, ko ka ba shi galla ko kuma alƙali ya hana ka girbi. Turawa sun laƙaba wa irin waɗannan kamfanoni sunan wani dodo na tatsuniyarsu, wanda ke ɓuya a ƙarƙashin gada yana tare masu wucewa. Wanda ya yayata wannan suna wani lauyan kamfanin Intel ne mai suna Peter Detkin. Abin mamaki, daga baya shi kansa ya koma cikin shugabannin kamfanin Intellectual Ventures, wanda aka kafa a shekarar 2000, wanda kuma ya tara dubban irin waɗannan takardu yana karɓar kuɗi a kansu. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi ke nan.

Malam Edita, masu karatu da yawa za su tuna wayar BlackBerry da samari da 'yan kasuwa suka yi yayi a ƙasar nan. Kamfanin RIM na ƙasar Kanada ne ke ƙera ta a wancan lokaci. Wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna NTP, wanda ba ya ƙera waya ko ɗaya, ya kai shi ƙara cewa dabarar aika saƙon imel zuwa wayar hannu tana cikin takardunsa. NTP ya yi nasara a kotu a shekarar 2002, aka yi ta ɗaukaka ƙara, har ta kai ana fargabar alƙali zai ba da umurnin rufe BlackBerry a duk faɗin Amurka. Ita kanta gwamnatin Amurka sai da ta roƙi kotu kada rufewar ta shafi ma'aikatanta. A watan Maris na 2006, RIM ya biya dala miliyan 612 da rabi aka kashe maganar. Abin lura, a daidai wannan lokaci ofishin da ya ba da takardun tun farko yana sake duba su, har ma ya fara fitar da sakamakon da ke ƙin amincewa da ingancinsu. Amma RIM ba shi da halin jira, domin kasuwarsa za ta mutu kafin gaskiya ta fito.

Wannan shi ne asirin sana'ar baki ɗaya, kuma shi ne abin da nake so jama'a su riƙe. Ƙarfin mai barazana ba ya dogara da ingancin takardarsa. Ya dogara ne da tsadar kare kai. A Amurka shari'ar irin wannan takan iya cin fiye da dala miliyan ɗaya kafin a kai ƙarshenta, kuma bisa al'adar kotunansu kowa shi ke biyan lauyansa, ko ya ci ko an cinye shi. To idan mutum ya zo ya ce ka ba shi dala 50,000 ya rabu da kai, kai kuma ka san in ka tsaya shari'a za ka kashe ninkin wannan sau ashirin ko da kana da gaskiya, wanne za ka zaɓa? Hukumar kula da ciniki ta Amurka, wato FTC, ta yi bincike a kan wannan ta fitar da rahoto a 2016. Ta gano cewa a wajen kamfanonin da suka mai da kai ƙara sana'a, kashi 77 cikin 100 na sulhun da suke yi bai kai dala 300,000 ba, wato kimanin abin da mutum zai kashe tun a farkon shari'a. Ka ga ke nan da gangan suke yanka farashin yadda biya zai fi faɗa sauƙi.

Kada kuma a ɗauka manyan kamfanoni kaɗai ake yi wa haka. A tsakanin 2012 da 2013 wani kamfani mai suna MPHJ ya aika wasiƙu ga ƙananan wuraren sana'a fiye da 16,000 a Amurka, yana cewa duk wanda ya ɗauki hoton takarda da inji ya tura ta imel ya taka haƙƙinsa, don haka a biya shi kimanin dala 1,000 a kan kowane ma'aikaci. Jama'a, injin nan fa a kanti suka saya da kuɗinsu! Sai da jihar Vermont ta kai kamfanin ƙara a 2013, ta kuma kafa dokar hana irin wannan barazana, sannan hukumar FTC ta taka masa burki a 2014. Haka wani mai suna Innovatio ya bi otal-otal da shagunan shan kofi yana neman dala 2,300 zuwa 5,000 a kan kowane wuri, wai don sun sa wa baƙinsu Wi-Fi. Da maganar ta je gaban alƙali a 2013, sai ya yanke cewa abin da ya cancanta a kan kowace na'ura bai kai santi 10 ba, alhali santi 100 ne dala ɗaya. Dubi tazarar da ke tsakanin abin da aka nema da abin da ya halatta. Wanda ya tsorata ya biya tun farko, shi ke nan kuɗinsa sun tafi.

To yaya su kamfanonin fasaha suka tunkari wannan al'amari? A iya fahimtata hanyoyi biyar suka bi.

Hanya ta farko ita ce a biya a huta, kuma ita ce mafi yawa. Illarta kowa ya san ta, domin wanda ya ba ɗan tare hanya yau, ya saya masa ƙarfin tare wani gobe.

Hanya ta biyu ita ce a ƙi biya ko sisi, a yi ta shari'a har ƙarshe. Kamfanin Newegg mai sayar da kayan kwamfuta ta intanet ya yi suna a kan haka. Wani kamfani mai suna Soverain ya yi ta karɓar miliyoyi daga 'yan kasuwa yana cewa shi ke da dabarar kwandon sayayya na intanet, Newegg ya ƙi, kuma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe iƙirarin. Kamfanin Cloudflare kuwa wata dabara ya ɓullo da ita a 2017. Da aka kai shi ƙara, sai ya sa ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo shaidar cewa dabarar da ake iƙirari an riga an san ta tun kafin a ba da takardar, domin takardar da aka bayar a kan tsohon abu ba ta da ƙarfi. Ya maimaita wannan da wani kamfani mai suna Sable, ya yi nasara a 2024, har sai da Sable ɗin ya biya shi dala 225,000 ya kuma saki takardunsa ga jama'a. Wannan jarumta ce, amma sai mai kuɗi ke iya ta.

Hanya ta uku ita ce haɗa kai, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2008 aka kafa kamfanin RPX, wanda aikinsa ya yi kama da adashi: kamfanoni na zuba kuɗi duk shekara, shi kuma ya riga masu barazana sayen takardu masu haɗari ya ajiye. A 2014 Google da Canon da wasu suka kafa ƙungiyar LOT, inda kowane ɗan ƙungiya ya yi alkawari cewa duk ranar da takardarsa ta faɗa hannun masu wannan sana'a, to sauran 'yan ƙungiya sun sami izinin aiki da ita kyauta. Wato an cire wa maciji dafi tun kafin a sayar da shi.

Hanya ta huɗu ita ce neman gyaran doka. A 2006, a shari'ar kamfanin eBay, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba dole ba ne alƙali ya rufe kasuwar mutum don kawai an same shi da taka takarda, ana iya sa shi ya biya diyya. Da wannan hukunci ya zo da wata uku kafin lokacinsa, da wataƙila RIM bai biya abin da ya biya ba. A 2011 Shugaba Obama ya sa hannu a wata doka da ta buɗe hanya mai sauƙin kuɗi ta ƙalubalantar takarda a ofishin da ya ba da ita. A 2014 Kotun Ƙoli ta ce ba a mallakar tsohon tunani don kawai an ce a yi shi da kwamfuta. Sai kuma maganar wurin shari'a. Akwai wani ɗan gari mai suna Marshall a gabashin jihar Teksas, mutanensa ba su kai 25,000 ba, amma kotunan yankinsa ne aka kai wa fiye da kashi 40 cikin 100 na irin waɗannan ƙararraki na Amurka duka a 2015, saboda masu ƙara na ganin can ne suka fi samun biyan bukata. Abin har ya kai kamfanin Samsung, wanda aka sha gurfanarwa a can, ya ɗauki nauyin filin wasan zamiya a kan ƙanƙara a tsakiyar garin, kuma kowa ya san daga cikin mutanen gari ake zaɓo masu taya alƙali yanke hukunci. A 2017 Kotun Ƙoli ta taƙaita wuraren da za a iya kai kamfanin Amurka ƙara, kuma a 2019 Apple ya rufe shagunansa biyu da ke cikin yankin ya buɗe wani a Dallas. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. A 2021 wata kotu a garin Waco ta ce Intel ya biya wani kamfani mai suna VLSI fiye da dala biliyan biyu, sai a ƙarshen 2023 aka soke wannan adadi a ɗaukaka ƙara.

Hanya ta biyar ita ce wadda ba su cika son a faɗa ba, wato su ma su shiga sana'ar. A 2011, bayan kamfanin Nortel na Kanada ya karye, Apple da Microsoft da RIM da Ericsson da Sony da wani suka haɗa kuɗi dala biliyan 4 da rabi suka saye takardunsa kusan 6,000. Mafi yawansu suka zuba su a wani kamfani mai suna Rockstar wanda ba ya ƙera komai, kuma a 2013 Rockstar ɗin ya kai Google da Samsung da wasu masu ƙera waya ƙara. Ka lura, har da RIM, wanda aka yi wa irin wannan shekara biyar kafin nan. Shi ma Google a 2011 ya sanar da sayen Motorola a kan dala biliyan 12 da rabi, kuma takardun Motorola na cikin manyan dalilansa. Saboda haka idan babban kamfani na kukan an tare masa hanya, a duba da kyau, wataƙila shi ma yana da nasa shingen a gaba.

A nan ya kamata in yi adalci. Ba duk wanda ke riƙe da takarda ba ya ƙera komai ne azzalumi ba. Jami'o'i na bincike, ba su da masana'anta. Akwai kuma talakan mai basira. Wani Ba'amurke mai suna Robert Kearns shi ya ƙago dabarar da ke sa abin share gilashin mota ya riƙa tsayawa yana ci gaba lokacin yayyafi. Ya nuna wa kamfanin Ford, daga baya ya ga dabarar a motoci ba tare da an biya shi ba. Ya kai ƙara a 1978, bai ga kuɗi ba sai 1990, da Ford ya biya shi dala miliyan 10 da 'yan kai. Shekara 12 ke nan! Mutum nawa ne za su iya wannan jira? Shi ya sa da yawa ke sayar da takardunsu ga masu lauyoyi, kamar yadda mai saniya ɗaya ke miƙa ta ga dillali don ba zai iya ja da mahauta ba. Tsadar shari'ar da ke sa mai shago ya biya kuɗin da ba a bin sa, ita ce dai ke sa babban kamfani ya danne haƙƙin ƙaramin mai ƙirƙira ya ce in ya isa ya je kotu. Cutar ɗaya ce, kuma ko ta wane gefe ta ɓullo, marar ƙarfi take kayarwa. Hanyoyin nan biyar da na lissafa kuwa, in ka cire gyaran doka, duk masu kuɗi suka kare.

Yanzu bari in dawo gida. Kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san haka. A 2024 kamfanin Qualcomm na Amurka da Philips sun kai Transsion ƙara a kan takardun ƙirƙira, kuma a ƙarshen 2025 Ericsson na ƙasar Suwidin ya shigar da tasa ƙarar a ƙasashen da suka haɗa da Nijeriya. Ina so a fahimce ni, waɗannan ba dodannin gada ba ne. Kamfanoni ne da suka kashe dukiya wajen binciken da ya haifar da layukan 4G da 5G, kuma suna da haƙƙin a biya su. Gardamar ita ce nawa za a biya. Ericsson ya taɓa bayyana cewa kuɗinsa a kan wayar 5G dala 2 da rabi ne zuwa dala 5, Nokia kuma ya ce nasa ba zai wuce yuro 3 ba. Wannan na kamfani biyu ne kawai, alhali RPX ya taɓa ƙiyasta cewa takardu kusan 250,000 ne suka shafi wayar zamani. Dala 5 a kan wayar attajiri ba komai ba ce, amma a kan wayar da talaka ya sayar da akuya ya saya, kowa ya san abin da take nufi a naira. Kamfani kuwa ba ya biya daga aljihunsa, a kan kaya yake ɗorawa.

Abin da ya fi damuna shi ne dokarmu. Dokar takardun ƙirƙira ta Nijeriya tun ta 1970 ce, zamanin Janar Gowon. A ƙarƙashinta magatakarda na duba ko an cika fom daidai an biya kuɗi ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne, sai in an je Babbar Kotun Tarayya a nemi ta rushe takardar. Ita Amurka da ke da dubban ma'aikata masu bincike ga irin ɓarnar da takardun banza suka yi mata, to ina ga inda ba a bincike sam? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sannan dokar ta ba mai takarda ikon hana shigo da kaya, da sayar da su, har ma da ajiye su don sayarwa. Ma'ana mai shago ma yana iya samun wasiƙar lauya, kamar yadda masu shagunan kofi suka samu a Amurka.

Don haka ina kira ga 'yan Majalisar Tarayya, musamman wakilanmu, da su duba wannan doka tun kafin masu sana'ar su gano mu. A samar da masana da za su binciki takarda kafin a ba da ita. A buɗe hanya mai sauƙin kuɗi ta ƙalubalantar takarda ba sai an je kotu ba, wadda ƙaramin mai ƙirƙira shi ma zai iya bi ya nemi haƙƙinsa. A hukunta mai aika wasiƙar barazana da ƙarya, a kuma sa mai takarda ya bi wanda ya ƙera kaya, ya ƙyale ɗan kasuwar da ya saro su da zuciya ɗaya. Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su wayar wa mutanensu kai, cewa duk wanda ya ga irin wannan wasiƙa kada ya biya a ɓoye don tsoro, kada kuma ya yaga ta ya watsar, ya kai ta ga ƙungiya a nemi lauya ɗaya a tsaya tare. Su kuma matasanmu masu ƙere-ƙere, maƙera da masu haɗa injuna, su nemi hukumar NOTAP da ke Abuja domin ta taimaka musu su yi wa basirarsu rajista, kada wani ya riga su ya dawo yana karɓar galla a gonar da suka share. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Allah ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya kuma sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu, amin.

Naka mai karatu a kullum,
daga Kano.